Ciyawar tsakar gidana ta ƙone bayan na zuba taki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bara na dasa ciyawar kiri-kiri a tsakar gida, fili mai mita 6 a mita 5, ta kama kyau sosai. Makon jiya na ga korenta ya dushe, sai na watsa mata takin yuriya wajen mudu guda da tsakar rana, ban ba ta ruwa ba. Yau ga ta nan tabo-tabo kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a nan yara ke wasa. Za ta farfaɗo? Kuma in na yanka, zan iya ba ragona?

Wani mai aikin lambu: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka yi mata yawa ne. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, wajen giram 10 ya ishi murabba'in mita ɗaya, wato filinka duka giram 300 ne abincinsa. Ƙwayar takin kamar gishiri take, in ta zauna a kan ganye ba ruwa sai ta tsotse danshinsa. Ka riƙa kwarara ruwa safe da yamma na kwana uku zuwa huɗu don ya wanke takin ya yi ƙasa. Kiri-kiri tana da jijiya mai yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, ba ta saurin mutuwa. Tono ɗan wuri ka duba, in jijiyar fara ce mai ƙwari, za ta tofo.

Wata 'yar'uwa: Ni na daina yuriya zalla. Ganye ne kawai ke tashi, laushi-laushi, kullum kana yanka, saiwar kuma ba ta nitsa. Takin kamfa 15-15-15, mai haɗin sinadarai uku, nake sawa, tunda akwai sinadarin da ke ƙarfafa saiwa da wanda ke taimaka mata jure fari. Sai ruɓaɓɓen kashin kaji da farkon damina.

Wani mai kiwo: Batun rago, don Allah ka dakata, Malam. Gaskiya ne taki na ƙara wa ciyawa furotin, amma in ya yi yawa tana tara sinadarin naitiret, wanda ke hana jinin dabba ɗaukar iska. Ita kanta ƙwayar yuriyar in ya lashe da yawa tana kisa. Ka ɗaure shi nesa da wurin, yankan farko kuma ka zuba a ramin taki.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na tona yanzu, jijiyar fara ce. Na kunna famfo, ragon kuma na mayar da shi bayan gida.