Hagu, dama: musayar baiti a kan maci

Malamin Firamare: Jama'a, amon wannan mako "ci" ne, kowane baiti ya sauka a kansa. Maudu'inmu maci, kalmar da muka aro daga Bature. A bakinsa ita ce takun soja, ita ce tattakin masu neman haƙƙi, da ita kuma yake kiran watan Maris. Kowa ya kama inda ya sani. Ni na yarana zan ɗauka, macin Ranar Yara.

Ran 27 ga Mayu muke fita,
Farar safa, riga an goge ta,
Ganga tana gaba, tuta na bin ta,
Rana ta dake mu, ba ko abinci.

Manya a rumfa ana musu fifita,
Yarinya ta faɗi, maza a ɗauke ta,
Garkuwar da muka ci ofis aka kai ta,
Yaran suka watse ba ko tukuici.

Tsohon Samanja: Malam, wannan wasan yara ne. Matsa ka ji na maza.

A Difo na Zariya aka gasa mu,
Tun da asuba saje ke tashin mu,
Hagu da dama har cikin mafarkinmu,
Kurtu ba ya nuna sai ya sha ɗaci.

Barikin Chindit, ku binciki sunan,
Daga dajin Bama aka ɗauko wannan,
A 1944 iyayenmu na can,
Da lodi a ka, ga damina, ga ƙunci.

Mutum ɗari, taku ɗaya za ka ji,
Ko bisa kwalta ko tsakar daji,
Taron da ba oda, taron kaji,
Kar ku saka min shi a sahun maci.

'Yar Tarihi: Baba Samanja, a gafarce ni, amma marasa odar nan sun taɓa girgiza daular da ta koya muku faretin.

A 1930 Gandhi ya ɗau sanda,
Mutum 78 ke biye, ba bindiga ko guda,
Ba mai busa, ba mai ba da oda,
Mil 240 suka taka ba lalaci.

Kwana 24 suka isa teku,
A Dandi ya tsaya, ya ƙare taku,
Ya ɗebi gishiri, Baba, ina sojanku?
Dokar Ingila ta rasa mutunci.

Ran 12 ga Maris suka tashi. Turawa sun hana Indiyawa yin gishiri da kansu, sun kuma ɗora masa haraji. Mutanen da aka ɗaure a boren da ya biyo baya sun haura 60,000.

Tsohon Samanja:

'Yata, wa ya ce miki ba horo?
Almajiransa ya zaɓa, marasa tsoro,
An tsara zango tun kafin taro,
A dake ka ka ƙi ramawa, ai sojanci.

Injiniyan Gada: Bari in shiga tsakani da sana'ata.

Ranka ya daɗe, takun da kake yabo,
A kan gada ba shi da rabo,
Ta ɗau rawa, soja suka zubo
Cikin kogi, fareti ya ɓaci.

Gadar Broughton ce, kusa da Manchesta, a Afrilun 1831. Sojoji 74 sun hau ta da taku ɗaya, bugun ƙafarsu ya dace da lilonta, ƙarfe ya ɓalle. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Daga nan rundunar Ingila ta sa doka a warware taku idan an zo gada.

'Yar Tarihi: Yaya Injiniya, ka tuna min da wata gadar.

Akwai ta a Selma, can Amurka,
Mutum 600 suka zo za su taka,
Bibbiyu, shiru, aka rufe su da duka,
Laifin baƙar fata neman ƙuri'a da 'yanci.

'Yan sanda bisa doki, ga kulki, ga hayaƙi,
An fasa kan John Lewis ba a fagen yaƙi,
Talabijin ta nuna, aka cika da mamaki,
Gida-gida aka kalli zalunci.

Bayan mako biyu suka sake ɗamara,
Luther King a gaba, jama'a na ƙara,
Mil 54, Montgomery aka dira,
Su 25,000 masu neman adalci.

Dukan ya faru ran 7 ga Maris 1965 a gadar Edmund Pettus, John Lewis kuwa ɗaya ne daga jagororin tattakin. A watan Agusta Shugaba Johnson ya sa hannu kan dokar kare haƙƙin zaɓe.

Tsohon Samanja:

Faɗi gaskiya, 'yata, ki cika zance,
Tafiyar ƙarshe wa ya sa aka dace?
Johnson ya turo soja, 'yan duka suka kauce,
Kaki ya raka su cikin aminci.

'Yar Tarihi: Haka aka yi, Baba. Sai dai masu dukan farko ma kaki ne a jikinsu.

Autan Zaure: Iyayena, a ba ƙarami hanya.

Kun lura a Maris ake ta fitowa?
Sunan gunkin yaƙi ne na Rumawa,
Da shi tsohuwar shekararsu ke farawa,
Sanyi ya wuce, runduna ta bar barci.

Mars ake ce wa gunkin. Sunan watan daga gare shi ya fito, na takun soja kuwa daga Faransanci. Ba dangin juna ba ne, a bakin Bature suka haɗu.

Direban Doguwar Hanya: Kun yi Indiya, kun yi Amurka, kun bar na ƙofar gida.

To ga namu, Maris ɗin Abuja,
1998, zamanin mulkin soja,
Aka kira miliyan 2 su zo su ja
Ra'ayin Abacha ya ci gaba da shugabanci.

An cika motoci, ga mawaƙa, ga kiɗa,
Tazarce kawai ake ta faɗa,
Ba ɗan sandan da ya zo da faɗa,
Baba, Malama, na wane ne wannan maci?

Tsohon Samanja:

Ɗana, wannan ba nawa ne ba,
Ba su san sahu ba, ba su san juyi ba,
Kurtun da ya yi haka ban ƙyale shi ba,
Tsallen kwaɗo zai yi na tsawon lokaci.

'Yar Tarihi: Kawu direba, ni ma kar ka ɗora min. A makon nan an yi wani taron.

Nawa a Legas yake, unguwar Yaba,
Masu cewa tazarce ba su yarda ba,
Lauya Agbakoba shi ne a gaba,
Aka dake shi, aka kama shi da wulaƙanci.