Musayar waƙa kan layin dogon Lesotho

Malam Garba:
Salamu alaikum 'yan uwa, ga ƙulli na kawo, mai iyawa ya kwance mana

Ƙasa ce Lesotho can kudu, 'yar ƙarama,
Afirka ta Kudu ta kewaye ta hagu da dama,
A 1905 dogo ya shigo, Turawa na sama,
Ya haye kogin Caledon, a Maseru babban birni ya yi zama,
Kilomita biyu bai cika ba, me ya hana shi gamawa ma?

Hajiya Larai:
Malam ka yi adalci, dubi ƙasar tukuna,
Dutse ne bisa dutse, tudu ne ko'ina,
Kwarinsu mafi zurfi mita 1,400 ne sama da teku, gane mana,
Jirgin ƙasa ba ya son hawa, shimfiɗa yake ƙauna,
Shi ya sa na kan tudu doki suke hawa dare da rana.

Ɗan Autan Mawaƙa:
Hajiya ki gafarce ni wallahi wannan uzurin ban karɓe shi duka ba, ai dutsen nan da ake ta faɗa an huda shi da aka ga akwai riba

Dam ɗin Katse fa, a tsakar duwatsun aka yi ginawa,
Aka fafe cikin dutse, rami mai nisan tafiyawa,
Ruwan Basotho, mutanen Lesotho, ya bi ta ciki, Johannesburg na shawa,
To in ruwa ya samu hanya, me ya hana jirgi wucewa?

Hajiya Larai:
Ɗana ruwa akwai mai saye, kuɗinsa a hannu,
Wa zai biya dogo zuwa ƙauyen tumaki da shanu?
Mutum miliyan biyu da ɗoriya ne, lissafa a sannu.

Malam Garba:
To ku duka kun taɓo gaskiya amma ni abin da ke ci min rai daban ne

Ba don Basotho su ziyarci juna aka shimfiɗa shi ba,
Reshe ne na layin Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, ba nasu ba,
Ya kwashi mazaje zuwa ramin zinariya, wasu ba su dawo ba,
An samu 'yanci a 1966, layin bai motsa ba,
Yau siminti da hatsi yake kawowa, fasinja bai ɗauka ba.

Ɗan Autan Mawaƙa:
Baba Malam ko tarago ma na kamfanin Transnet na Afirka ta Kudu ne,
Na maƙwabta ne, Maseru tasha kawai ce gare su ne.