Allurar shawara ga dattijo mai shekara 68

Ɗan Baba: Assalamu alaikum. Mahaifina zai tafi Umara bana, kuma an ce sai ya nuna katin rigakafin zazzaɓin shawara (yellow fever). Shekararsa 68, kuma a iya saninmu ba a taɓa yi masa wannan allurar ba. Na ji ana cewa tana iya yi wa tsofaffi mummunar illa, shi ya sa nake neman bayani kafin mu kai shi.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Maganar tana da tushe, sai dai ba kasafai hakan ke faruwa ba. Allurar tana ɗauke da ƙwayar cutar ce mai rai wadda aka raunana, kuma galibin mutane ba sa wuce ɗan zazzaɓi da ciwon jiki na 'yan kwanaki. A cikin mutum 100,000 da aka yi wa, waɗanda ƙwayar ke bazuwa a jikinsu har ta kama hanta da ƙoda kamar ainihin cutar ba su kai ɗaya ba, amma idan ta faru tana iya kisa. Yawanci cikin kwana 10 take bayyana, kuma kusan kullum bayan allurar farko. Wasu kuma ƙwaƙwalwa ko jijiyoyi take taɓa musu. Haɗarin yana ƙaruwa daga shekara 60, saboda haka Baba ya fara ganin likita, a gaya masa idan yana shan maganin da ke rage garkuwar jiki, ko an taɓa yi masa aiki a ƙirji, ko cin ƙwai yana tayar masa da borin jini, domin a cikin ƙwan kaza ake sarrafa allurar.

Tsohon malamin asibiti: Abin da ya fi damuna, ɗana, shi ne tsoro ya sa ku sayi kati ba tare da allura ba. Shawara ba ta bar ƙasar nan ba. A 2019 ta kashe mutane a Alkaleri ta jihar Bauchi, kuma kusan rabin waɗanda ta yi wa mugun kamu ba sa tashi. Idan likita ya ga allurar ba ta dace da shi ba, akwai takardar uzuri da yake rubutawa. Ku kuma bincika tsofaffin takardunsa, tunda daga 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Ɗan Baba: Allah ya saka da alheri. Inna ta ce akwai wani kati mai ruwan ɗorawa a ƙasan akwatinta, naɗe da fasfon Hajjinsa na farko. Gobe zan kai wa likita ya duba hatimin.