Soket ɗin ƙaramar tirela a bayan Hilux: a ina zan ɗaura shi?

Manomin Fadama: Assalamu alaikum. Ina da Hilux ƙirar 2008, da ita nake jan ƙaramar tirela da taki zuwa gona. Sau biyu ina ɗaura soket mai fil 7, wanda ke kai wa fitilun tirela wuta, a ƙarƙashin bamba, sau biyu kwazazzabo na tsinke shi. Yanzu da na taka birki sai sigina ta riƙa kamawa. Ina dawowa da dare, tsoro nake wani ya afka mini ta baya.

Mai Wayarin: Wa alaikumus salam, Alhaji. Farar wayar ce, fil na 3. Ita ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. In ta yi tsatsa, wuta sai ta bi wata fitilar. Kankare wurin sosai, a ƙara ɗaurewa. Rawaya siginar hagu, kore ta dama, ja birki. Kada a murɗe waya a naɗe da salatif, a yi mata dalma.

Direban Daji: Ɗaga soket ɗin sama da ƙugiyar jan, murfin na kallon ƙasa, saboda laka da ruwa. Ka bar wa wayar ɗan sassauci don kwana.

Manomin Fadama: Malam Mai Wayarin, ka canka, tsatsa ce jawur. Allah ya saka da alheri.