Muryar Otis Redding: aro ne ko sata?

Tsohon Mai Kaset: Assalamu alaikum. A ganina, abin da Jay-Z da Kanye West suka yi a waƙarsu "Otis" ta 2011 sata ce da aka yi wa kwalliya. Sun ɗauko "Try a Little Tenderness" wadda mawaƙin Amurka Otis Redding ya rera a 1966, suka daddatsa muryarsa, suka riƙa maimaita gurnaninsa suna kirarin agogo da motoci a kai, alhali waƙar nasiha ce ga namiji ya tausasa wa matarsa.

Malamar Adabi: Wa alaikumus salam, Baba. Ina ganin girmanka, amma shi kansa Otis ba shi ya rubuta ta ba. Tun 1932 makaɗan Ray Noble suka naɗe ta a Ingila, Bing Crosby ya rera ta a 1933 cikin sanyin murya. Da ta shiga hannun Otis a kamfanin faya-fayan waƙa na Stax da ke Memphis, sai ya fara a hankali, mai ganga Al Jackson yana ƙwanƙwasa sanda kamar bugun agogo, har aka kai ƙarshe yana ihu iya ƙarfinsa. Shi ma ai ya sauya mata kama ƙwarai.

Tsohon Mai Kaset: Malama, akwai bambanci. Otis da maƙogwaronsa ya sake rerawa, ya yi gumi. Waɗannan kuwa faifansa suka yanka, shi kuma ya rasu tun 1967 a hatsarin jirgin sama yana ɗan shekara 26, balle a nemi yardarsa. Wannan ne yake ci mini rai.

Ɗalibin Shari'a: Baba, a gafarce ni, kalmar sata ta yi nauyi. Tun hukuncin da wata kotun New York ta yanke wa mawaƙin rap Biz Markie a 1991 kan ɗaukar sautin waƙar wani ba izini, kamfanoni suka daina sakaci da neman izini, kuma izinin biyu ne: na masu rubutun waƙar da na masu faifan. A nan har sunan Otis aka rubuta cikin mawaƙan, kuma ɓarawo ba ya shelar sunan mai kaya.

Malamar Adabi: Ɗalibaina da dama ta hanyar "Otis" suka nemo asalin waƙar.

Tsohon Mai Kaset: Na janye kalmar sata, ɗana, tunda an biya haƙƙi. Amma Malama, ki tambaye su ko sun zauna sun saurare ta tun daga busar ƙahon farko, domin a can tausasawar take.