Ya yi niyyar zama ɗan ƙasa, aka kashe shi kafin ya zama: me za mu kira shi?

Salamu alaikum jama'a. Ina shirya wani ɗan guntun tarihi ne don shirin rediyo, tun bayan Isha'i na cije a kan kalma ɗaya. Ku kawo mini ɗauki.

Ga labarin. A watan Oktoban 1890 aka harbe shugaban 'yan sandan birnin New Orleans na Amurka, David Hennessy, aka kama 'yan Italiya da yawa, galibinsu 'yan tsibirin Sisili. An gurfanar da tara, kotu ta wanke shida, uku kuma masu yanke hukunci suka kasa cimma matsaya a kansu. Washegari, 14 ga Maris 1891, dubban mutane suka fasa kurkukun suka kashe mutum 11. Italiya ta fusata har ta janye jakadanta, Baron Fava, daga Washinton.

Sai rigima ta koma kan gawarwaki: na wa ne? Ɗaya daga cikinsu, Joseph Macheca, haifaffen New Orleans ne, babu gardama. Wasu sun riga sun karɓi takardar zama 'yan Amurka. Wasu 'yan Italiya ne tsantsa. Akwai kuma kashi na huɗu, wanda Turawa ke kira "declarant alien": mutum ya je kotu ya rantse cewa yana da niyyar zama Ba'amurke, an ba shi takardar farko, amma sai ya cika shekara 5 a ƙasar, an kuma yi aƙalla shekara 2 da rantsuwar, kafin ya samu ta ƙarshe. Wannan mutumin nake nema wa suna.

Wani ɗan'uwa daga Damagaram:
Malam, ai da sauƙi. Ɗan ƙasa na wucin gadi.

Na gode ɗan'uwa, amma a'a. Wucin gadi na nufin ka riƙe abin na ɗan lokaci, kamar shugaban riƙo. Shi wannan bai riƙe komai ba tukuna. A takarda har yanzu talakan Sarkin Italiya ne. Idan na ce ɗan ƙasa, ko da na wucin gadi, na yanke shari'ar da gwamnatoci biyu suka yi shekaru suna ja-in-ja a kanta.

Wani kuma, da alama matashi:
Agola kawai, Yallabai.

Ka ba ni dariya da tsakar dare. Sai dai agola uwarsa ce ta kawo shi gidan, shi kuwa wannan da ƙafarsa ya je kotu ya ɗaga hannu. Kuma kalmar tana da cizo, ba zan ɗora ta a kan mamaci ba.

Wata Hajiya, tsohuwar malamar Hausa:
Ɗana, ka duba aure. An yi baiko, an sa rana, an kai lefe, amma ba a ɗaura ba. Yarinya in ta rasu a wannan tsakanin, gidan ubanta ake zaman makoki, saurayi bai da gado, ba a kuma ce masa mijin marigayiya. Ka ce mai baikon ƙasa.

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wallahi hujjar Italiya ke nan, kin faɗe ta fiye da yadda jakadunta suka faɗa. Amma bari in nuna miki inda misalin ya karkace. A Luwiziyana, jihar da New Orleans take, daga 1879 zuwa 1898, mai takardar farko yana jefa ƙuri'a. 'Yan siyasar birni sukan kwashi sababbin zuwa, wasu ko Turanci ba su ji, a kai su su yi rantsuwar, ranar zaɓe a zo a ɗebe su. Wato amarya ba a ɗaura ba, amma tana girki a gidan miji. Da aka sake kashe 'yan Italiya uku a garin Hahnville na jihar a 1896, wannan ƙuri'ar gwamnatin Amurka ta riƙe: ai sun yi zaɓe a nan, ina ruwan Italiya da su? Mutum yana raye an ci ƙuri'arsa, ya mutu an ce ƙuri'ar ta raba shi da ƙasar da za ta bi masa jini. A ƙarshe dai an biya, amma aka rubuta cewa don jinƙai ne, babu amsa laifi. Na New Orleans ma, Shugaba Benjamin Harrison ya ba Italiya dala 25,000 a 1892, kuma babu mutum ɗaya cikin maharan da aka hukunta.

Hajiya:
To wannan kuɗin kar ka kira shi diyya. Diyya sai an yarda an zubar da jini da hannun wani. Ka ce kuɗin ban haƙuri.

Na rubuta, Hajiya.

Shi baikon kuma na gwada shi da baki sau uku, kamar ina gaban makirufo. "An kashe masu baikon ƙasa." Mai sauraro a kasuwa zai ɗauka angwaye aka kashe. Zan riƙe shi don bayani, sau ɗaya a farkon shiri. Suna kuma, abin da ya zauna mini shi ne baƙo mai niyya, jam'i baƙi masu niyya. Baƙo, don doka ba ta sauya masa ƙasa ba. Niyya kuwa kowane Bahaushe ya san ta daga sallah da azumi: wanda ya ƙulla niyya ya shiga hanya, amma ba a ce ya idar.

Ɗan'uwan Damagaram:
Na bi. Amma a nan Nijar za a ji "baƙo" kamar wanda ya sauka jiya, alhali wasunsu sun shekara goma suna sayar da lemo a birnin.

Gaskiyarka, ko a Kano haka za a ji. "Bare" na gwada, ya fi zafi. Na bar baƙon, zan faɗi shekarun da bakina.

Saura shi kisan kansa. "Ɗaukar doka a hannu" ya yi mini laushi ga mutanen da kotu ba ta same su da laifi ba. Na sa kisan taron dangi da fensir. Jibi da safe za a naɗi shirin.