Bashin unguwa ne ke cinye jari, ko tsadar kaya?

Mai shago, Gaya: Maganata ɗaya ce, bashi ne ke rufe shaguna a ƙauyukanmu. Ka saro sukari da taliya a kasuwar Singa ta Kano kuɗi hannu, ka dawo a kwashe rabi, wai sai kaka. Kaka ta yi a biya ka farashin lokacin shuka, alhali katan ya tashi. A littafi ka ci riba, a kanta kaya sun ragu.

Mai ƙuli-ƙuli: Alhaji, ban yarda ba. Tun iyayenmu ake bayar da bashi, shago bai mutu ba. Daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta bar ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Kuɗin mota zuwa Wudil ran Juma'a, kuɗin niƙa, itace, duk suka bi ta. Ni ba na ba kowa bashi, amma gyaɗar da nake sarowa ta ragu.

Mai POS: Gaskiyar Hajiya. Kuma lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, wanda ya hana bashi ai zaman kashe wando ya yi, don babu tsaba a hannun kowa.

Mai shago: To in an ce ka ƙara jari mana, a ina za ka samo? A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa 27.5 cikin ɗari, balle na bankunan kasuwanci, ga neman takardar fili. Adashi ne ya rage mana, shi ma mai kwasar ƙarshe darajar kuɗinsa ta riga ta zube. Shi ya sa nake tunanin in riƙa karɓar bashina a farashin ranar biya.

Malam: A'a Alhaji, nan kam dakata. Ciniki ya faɗa a kan kuɗi kaza, shi ne bashinka, ƙari a kai riba ce. Abin da ya halatta, tun farko ku yanke farashin ajali, ko ya fi na hannu, ku sa rana.

Mai ƙuli-ƙuli: Ka ji. Amma ka faɗa wa surukinka farashi biyu mu gani.

Mai shago: Allah gafarta Malam, na karɓa. Hajiya kuwa, ai shi ne shafin farko a littafin.